Adakar Arzika

Ran Laraba na buɗe adakar Baba,
bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse.
Kafur ya tashi, da warin tsohon gumi,
sai ga mutum arba'in a ninke, a jere,
ko ɗayansu ba a yi wa sutura ba.

Ga kakin ɗan doka mai maɓalli uku,
ga gemun auduga na alƙalin ƙauye,
ƙahon wanzami, tabarau marar gilashi,
ga buta mai yoyo ta mahaukacin tasha
da yaran Rijiyar Ɗorowa suka bi da jifa
shekara biyu, ba su gane wasa ne ba.

Gado ne. Kakansa Nomau ɗan kama,
da allon sakaina da carbin goruba,
yana wa'azin tuwo a bakin Kara
har marowaci ya kwance lalita.
Labbo, ubansa, murya ce a akwatin rediyo:
shi ne tsohuwa, shi ne jaki,
shi ne ƙyauren da ke kuka in ɓarawo ya tura.
Gwaggo Ige ta yi takaba a wasa
har aka aiko mata goro daga Gwadabawa.
A gidanmu ko gaisuwa sai an maimaita.
Muryoyi muka gada, ba gona ba.

Shi Baba ba tsawo, ba farar fuska,
irin wanda ka rantse ka gani a layin awo.
Mai ba da umarni ya dube shi ya ce,
"Arzika, kai riƙe ƙofa.
Ka ce, Alhaji ba shi nan."
Kalma huɗu. Ya yi kwana bakwai a Gawon Nama
gun wani Buzu mai gadi, suna shan shayi,
yana koyon yadda baki ke shara ƙarya
ido kuwa na ba da haƙuri.
Da aka nuna, gari ya manta jarumin,
bai manta mai gadin ba.

Da safe masinja ne a ma'aikatar ruwa.
Ladan wasa? Kuɗin kabu-kabu,
wata rana da "Allah shi saka".
Sunansa na zuwa can ƙarshen rubutu,
sa'ad da kowa ya tashi neman takalmi.
Ni kaɗai ke zama har ya wuce,
ban taɓa gaya masa ba.

Ya mutu sau goma sha tara, ni na ƙirga:
sara, sammu, mota a hanyar Wamakko,
sau ɗaya ma dariya ce ta kashe shi.
Kullum ya tashi ya kakkaɓe riga,
ya ce, "Kulu, akwai sauran hura?"
Shi ya sa ran Lahadi da asuba
na tsaya kansa, hannuna a kan bargon asibiti,
ina jira wani ya tafa, ya ce ya isa.
Ba a ce ba.

Ran uku wata tsohuwa ta zo daga Dange,
ta ce, "Ni ban san sunanai ba.
Shi na ma'aunin nan mai tauye tiya?
Shekara talatin ina tsine mai.
Na taho in yahe."
Nan muka yi dariyar farko, har da hawaye.
Ba mu gyara mata ba.

Can ƙasan adaka, cikin tsohuwar jarida,
farar babbar riga, aska takwas,
ya ajiye ta don ranar da za a ce
yau kai ne Alhajin da ba shi nan.
Sitacin bai karye ba.

Ina riƙe da ita na ji motsi a zaure:
Sambo, ɗana, ɗan shekara shida,
ya manna gemun da miyau, ya karkace kafaɗa,
yana sallamar mai bin bashin gawayi
da idon kakansa.
Na buɗe baki in ce ajiye,
ban ce ba.