Ƙarfen da Ya Dawo

Daren Talata, bayan isha'i,
ina fadamar Kware ina ban ruwan albasa,
inji ya yi tari biyu, ya mutu.
Shiru ya sauko. Sai kwaɗi.

Na miƙe a kan kunya, na ɗaga kai
yadda na saba tun ban isa riƙon fartanya ba.
Kaza da 'ya'yanta sun karkata yamma,
kowa na inda na bar shi jiya.

Sai ga baƙo daga wajen Illela.
Ba irin taurarin nan ba
da kan faɗi kafin ka ce wa na kusa, duba.
Wannan tafe yake a hankali
kamar motar da aka yi wa lodi ya wuce kima,
kai fari, wutsiya ja,
sannan ya tsage: biyu, biyar,
na ƙirga goma sha ɗaya,
kowanne na jan zarensa na wuta.
Ko ƙara babu.
Wannan ya fi komai kaɗa mini hanji.

Nomau a gonar maƙwabta ya yar da tocila,
ya kama salati.
Ni kuwa na laluba jaka,
na zaro madubin hangen nesa na kawu Jabbi
wanda ya dawo da shi daga soja, ido ɗaya a fashe.
Da idon da ya rage na ga wani guntu
yana juyi, ya yi kore,
ya narke kamar man shanu a kasko.

Na rubuta a bayan rasiɗin taki:
tara da minti goma sha bakwai,
daga arewa ya nufi kudu,
numfashi arba'in.

Da safe a teburin mai shayi
wani ya ce babban mutum zai rasu,
wani ya ce yaƙi ne.
Luba, 'yata da ke jami'a, ta kira ni:
Baba, gangar roka ce,
ta kai kayanta sama aka manta da ita,
ta gaji da gewaya, iska ta cinye ta.

Ashe sama ma tana da juji.

Na tuna wanda ya ɗaure mata ƙusar ƙarshe
a wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba.
Bai san mai albasa ne
ya tsaya mata a jana'iza ba.

Na koma fadama, na buɗe inji.
Fulogi ne kawai ya yi baƙi.