Taku Biyu Daga Katanga

Takardar kwamitin unguwa ta iso ran Talata,
da hatimi, da sa hannun Hamajoda:
ciyawa kar ta wuce idon sawu,
itace ya ja taku biyu daga katanga,
wanda ya ƙi, tarar sefa dubu biyar.

Na karanta ta sau uku a bakin famfo.
Ban ga inda ta hana sabara ba.
Sunan kalgo ma ba ta sani ba.

Sai na auna taku biyu,
na ƙara rabi don kunyar maƙwabta,
na dasa magaryar da na tono a gaɓar Binuwai,
lakar kogi na manne da saiwarta.
Gamba kuwa, da yake doguwa ce,
na kewaye ta da fararen duwatsu,
na ce mata: daga yau sunanki fulawa.

Damina uku.
Ƙudan zuma suka zo, ba su yi wa kowa sallama ba.
Bushiya ta kama haya ƙarƙashin tsohon turmi,
marai suka rataye ɗakunansu,
suna ciniki kamar 'yan kasuwar Garwa.

Jiya Hamajoda ya zo da igiyar awo.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya auna, ya sake aunawa.
Malam-buɗe-littafi ya sauka kan alƙalaminsa.
Ya daɗe bai rubuta komai ba.

Da zai fita ya tsinki magarya ɗaya.
Ya ce, irin ta bayan ɗakin kakata ce a Gashiga.
Ya tsotse ƙwallon, ya sa a aljihu.