Bashin Jigawa

Gonar da Baba ya bari tana gabas da Sandamu,
kunya ɗari da ashirin, gawo uku a tsakiya.
Ran da aka share makoki na tsaya a kan iyaka,
na ce daga yau ni ke da iko da jigawa.

Shekarar farko dami tamanin na ɗaure.
Kara na sayar wa masu danni,
harawa ta bi amalanke kasuwar Mai'aduwa,
ko ƙaiƙayi ban bar mata ta lasa ba.
Gawo biyu na sare, wai sun tare wa garma hanya,
mai gidan burodi ya biya lakadan, na dawo ina murmusawa.

Ta uku, hamsin.
Ta biyar, talatin da ƙyar.
Na ce ruwa ne, na ce iri ne, na ce bakin mutane ne.
Na ci bashin buhun kamfa da rabin yuriya,
na watsa a sarari kamar mai rabon goron suna.
Marka ta sauka dare uku ta tafi da shi,
rairayi ba shi da aljihun adanawa.

Sai ga ƙuduji da furensa ja-ja,
baƙo mai fara'a, hannunsa a cikin tukunya.
Gero ya tsaya iya gwiwa,
ganyen ƙasa ya yi ɗorawa,
zangarniya kamar ɗan yatsa, ba ta isa sussukawa.

Nomau, maƙwabcin gona, ya tsallako da sandarsa.
Ya tsuguna, ya dumbuzi ƙasata, ya shinshina,
ya buɗe hannu, ta zurare ba sallama.
Ya koma ya ɗebo tasa,
baƙa-baƙa, ta dunƙule kamar fura,
tana ƙanshin ruwan fari.
Ya ce, "Yaro, taka yunwa ce ke cinta.
Wa ka ga ya tatsi saniya shekara biyar bai kai ta kiwo ba?
Na buhu shayi ne, yana buɗe ido,
amma tuwo ke riƙe ciki har wayewa."

Ban amsa ba. Na dai ji ta har ƙashi.
Rani na kamawa na ari jaki da mangala:
kashin awaki, tokar murhun Sarai,
jujin bayan gida, ina tsince leda da matattun batura.
Gide ya sauke shanunsa kwana ashirin a gonar,
ladansa dami biyu da ruwan rijiya.
Masu wucewa suna toshe hanci, ni ina godewa.

Na sa wake tsakanin gero, gyaɗa a kusurwar arewa.
Wata rana na tuge saiwar wake,
ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar tsakiyar wuya.
Nomau ya ce, "Mayar. Asusunta ne."
Na buhu kuwa yanzu da murfin kwalba nake auna shi,
gindi-gindi, in tona, in rufe.
Ƙuduji tun bai zubar da iri ba nake cirewa.

'Ya'yan gawo bakwai sun tsiro inda shanu suka kwana.
Na ɗaura wa kowanne tsumma ja,
kada yaran huɗa su yi masa aikin da na yi wa uwarsa.

Bana arba'in da bakwai.
Tamanin tana nesa, Nomau kuma bai ga kakar ba.
Amma ran maimai fartanya ta juyo da tana,
guda ɗaya, tana murɗawa a danshi,
na ƙwala wa 'yata Ladiyo kira kamar na tsinci zinari.
Ta ce, "Baba, tsutsa ce fa."
Na ce, shaida ce, an fara karɓar biyan.

Ƙasa ba ta kai ƙara gaban alƙali.
A rumbu take yanke hukunci,
ni kuwa har yau ina biya, ban kai ga gamawa.