Ƙasan Buhu

Alhamis a Hull, ƙarfe ɗaya na rana,
yayyafi a taga, ba fushi ba fasawa.
Mu bakwai a ɗaki, shayi ya huce a kofi,
Dakta Ackroyd ta turo takarda gabana:
"Karanta mana, Sagir."

Na karanta tiryan-tiryan,
na ɗaga murya a layin ƙarshe:
sabon magani ya rage shanyewar ɓarin jiki da rabi!
Na gyara zama ina jiran madalla.

Ta cire tabarau, ta goge da gefen riga.
"Rabin me?"

Har ƙarar agogon bango sai da na ji.
Na koma shafi na huɗu,
inda lambobi suka yi layi kamar tururuwa:
cikin dubu, biyu ne kan faɗi,
da magani, ɗaya.
Ba a yi ƙarya ba, rabi ne,
amma rabin ƙwayar gero ma sunansa rabi.

"Wa ya biya kuɗin aikin?
Da me aka gwada shi, da tsohon magani ko da ƙwayar banza?
Wa aka shigar, wa aka bari a bakin ƙofa?
Ɗari ukun da suka fara ba su gama ba,
ina suka tafi?"

Ni da na taso inda ko tari Farfesa ya yi
sai mun rubuta a littafi.
Shekara shida ina hadda,
ba wanda ya ce min takarda ma ana titsiye ta.

A bas ɗin titin Anlaby, goshina a gilashi,
sai ga Inna Yalwa a kasuwar Giwa.
Ba ta sayen masara don kyan bakin buhu.
Takan luma hannu har gwiwa,
ta ciro na ƙasa,
ta shinshina, ta jefa ɗaya a baki.
Mai buhu na rantsuwa, ita tana tauna.
Ban taɓa jin ta ce wa wani maƙaryaci ba,
ban kuma taɓa ganin ta kai gida da ƙwari ba.

Litinin, gado na tara.
Mista Blenkin, tsohon masunci, tamanin da huɗu,
jijiyoyin hannunsa kamar igiyar jirgi,
ƙoda ta gaji da aiki.
Ya yanko labarin daga jarida,
ya ninke shi huɗu a gidan tabarau.
"Likita, wannan fa?"

Daren jiya na luma hannu har gwiwa.
Mafi tsufan waɗanda aka gwada, saba'in.
Mai ciwon ƙoda, ko ɗaya.
Na laluba, na laluba,
babu Mista Blenkin a buhun.

Na ja kujera.
Na faɗa masa dubu, na faɗa masa ɗaya,
na faɗa masa jinin da kan ɓalle wa wasu a ciki.
Sannan na furta abin da harshena bai saba ba,
ya fito da nauyi kamar dutsen niƙa:
"A kan irinka, ba mu sani ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara arba'in na yi a teku, yaro.
Wanda ya rantse ya san iskar gobe,
ba ma hawa jirginsa.
Bar ni da tsofaffin ƙwayoyina,
ka dawo in kun sani."

Yanzu daga tsakiya nake fara karatu,
taken sai na ga dama.
Zakara na cara, gari na wayewa,
na daina ba zakara ladan asuba.

Jiya a zagayen safe
Dakta Ackroyd ta yanke magana ɗaya, ba ko shakka.
Kafin in kama bakina ya riga ni:
"Ina hujja?"
Ma'aikaciyar jinya ta tsaya da rubutu.
Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe.
"Ban tuna ba," in ji ta.
"Nemo mana. Alhamis, ƙarfe ɗaya."