Kuskure Mai Suna

A siton ƙungiyar manoma, gabas da Gumel,
na ɗora kwamfuta kan buhun riɗi,
sola na shayar da ita daga saman kwano.
Wata uku ina rubuta manhajar awo:
sunan mai kaya, nauyin kaya, kuɗin da zai karɓa.
Ranar Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari,
ta tsaya cak.

"An samu kuskure." Iyakar maganarta ke nan.
Wane iri? Na wa?
Mutum goma sha ɗaya a bakin ƙofa,
Haladu direba yana ta danna hon.

Ashe Tabawa ce ta kawo buhun mijinta Ilu,
wanda muka kai makwanci kwana tara da suka wuce,
ni da hannuna na goge sunansa.
Manhaja ta nemi mai kaya, ta tarar wayam,
ta kwanta kamar jaki a tsakiyar rairayi.

Da dare na yi aikin malalaci:
na baza taru mai faɗi,
duk abin da ya faɗo a cafke, a yi gum, a wuce.
Kwana biyu ba tsayawa, har ina fariya.
Rana ta uku buhu huɗu suka ɓace a lissafi.
Ba ɓarawo, ba ɓera.
Ni na binne su.

Gwaggo Hansai ta same ni na rafka tagumi.
Ba ta san allo mai haske ba, awaki ta sani.
Ta ce, "Akuya ba lafiya, ai ba magana ba ce.
Kumburi ne, ko zawo, ko ciwon kofato?
Kanwa ba ta warkar da ɗingishi.
Ciwon da ba a raɗa wa suna ba,
wa zai haƙo masa saiwa?"

Sai na yi taron suna, ba rago, ba wanzami.
Uwa na fara ginawa, KuskurenSito,
aji mai goye da rana, da lambar buhu, da saƙo.
'Ya'ya suka gaje ta:
BuhuYaJiƙe, SikeliYaRikice, BashiBaiFitaBa,
sai autansu, MaiKayaYaRasu,
shi na ƙara wa gurbi guda, na sunan magaji.

Yanzu in an gwada awo ya ƙi,
ba faɗuwa, jifa ake yi.
Kuskure ya tashi da sunansa a goshi,
wanda ya san shi ya tare.
Jiƙaƙƙen buhu nan take: a shanya, a dawo Asabar.
Bashi ya fi ƙarfin mai sikeli,
sai a cilla shi sama wurin ma'aji,
yadda mai unguwa ke tura rikicin gona gaban dagaci.
Ƙananan raga a gaba, babbar a baya,
don in uwa ta riga amsawa
'ya'ya ba sa jin kiransu.

Can ƙasa akwai layi uku
da ba sa tambayar yadda aka kwashe.
Ko an dace, ko an yi ɓari:
a rufe littafi, a kulle sito, a mayar wa Mati mabuɗi.

Kaka ta zagayo, Tabawa ta zo da zoɓo buhu biyu.
Ta ce a buga sunan Ilu. Na buga.
Allo bai ɗauke ba, ya rubuta:
"Mai kaya ya rasu. Magajiya, Tabawa. A biya ta."
Na karanta mata. Ta ce in sake.
Na sake.
Ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta ce,
"Ashe abin naku ma ya ji rasuwar."

Har yau akwai waɗanda ban raɗa wa suna ba.
Jiya wani ya zo biyan bashi da tunkiya.
Uwar ta tare, ta rubuta, ta kira ni.
Tunkiyar na ɗaure a gindin aduwa,
tana cin harawar Mati,
tana jiran in gina mata aji.