Yasar Rijiya

Faifan kwamfutar babana ya mutu ran Laraba,
wata bakwai bayan mai shi.
Ba hayaƙi, ba ƙauri.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
Kamar tsaka a bayan tulu, sai shiru.

Shekara goma sha ɗaya ke ciki:
duk fuskar da ta zauna a bencin Almu mai hoto
nan bakin tashar Tawa,
ta gyara wuyan riga, ta haɗiye dariya,
don katin shaida, don takardar tafiya Abijan.

Na naɗe shi a tsohon rawani na kai Wadata,
shagon Asumana, inda fanka ke juyi da kafaɗa ɗaya.
Ya kara shi a kunne
yadda kakata ke sauraron ƙwai.
Ya ce, sau nawa ka kunna shi bayan ya fara kuka?
Na ce, ban ƙirga ba.
Ya ce, kowace kunnawa huɗa ce a gonar da ta riga ta tsiro.

Allurar ce ta karye.
Sai an samo ɗan'uwansa, uwa ɗaya uba ɗaya,
a yanka lafiyayye don majinyaci.
Kwana tara muna jiran motar Ƙonni.

Daren buɗewa ya yayyafa ruwa a ƙasa,
ya toshe taga, ya hana ni tari.
Ciki madubi ne, zagayayye,
ban taɓa ganin abu mai tsabta haka a garin nan ba.
A nan, wai, Adar guda ta kwanta.

Sai yasa.
Guga ya sauka, ya dawo da laka.
Ya sauka, ya dawo da rabi.
Wuta ta ɗauke ƙarfe biyu, batir ya karɓa,
muka zuba wa koren layi ido
yana rarrafe kamar jaki ɗauke da albasa.
Inda ƙasa ta rufta, Asumana ba ya gardama,
ya tsallake, ya ce gobe ma rana ce.

Dubu huɗu suka fito cikin dubu tara.
Sun fito ba suna, ba ranar wata,
lamba kawai, kamar awaki a tike.

Barira ta zo da asubar Asabar.
Mijinta ya hau motar Agadas shekara shida ke nan,
ko takalminsa bai aiko ba.
Ta zauna tana cewa, wuce. Wuce. Wuce.
Har azahar.
Sannan ta ɗora yatsa a gilashi.
Hula, goshi, idanu, rabin hanci.
Daga nan zuwa ƙasa toka ce zalla.

Na fara ba ta haƙuri.
Ta ce, bar shi. Bakin na sani.
Yaron ne bai san idon ba.

Jika ashirin da biyar na biya, saura biyar bashi.

Ni kuwa na bi dubu huɗun ɗaya bayan ɗaya.
Mai ɗaukar hoto ba ya shiga hoto.
Sai a lamba dubu uku da sittin,
gefen wata amarya daga Bambai,
ga wani duhu mai taushi ya ci kusurwa:
kan yatsan babana,
da tabon da wuƙar layya ta bar masa.