Mudun Turke

Kafin ladan ya gyara murya
ni na riga na tashi, Modi,
cikin doki ba ya jiran wayewa.

Ruwa tukuna. Bar shi ya sha ya ɗago,
ya sake sha, ya yi firji,
kana ka kwance harawa.

Ta waken Kwalkwalawa nake saye,
kore shar, ganyenta a jiki.
Shinshina ta. In ta yi warin rima,
ko akuyar maƙwabci ba na ba wa.

Wannan mudun da ya lotsa a gefe
na ubana ne. Da shi ya auna
dawar dawaki goma sha ɗaya,
bai yi masa tozo ba, bai san ragewa.

Bara, ana jibi sukuwa,
na tafi Achida gaisuwar rasuwa.
Alhaji Labbo ya shigo da daro
cike da gero, wai ƙarin ƙarfi,
wai Akawal ya ci don tserewa.

Na dawo na iske shi yana birgima,
yana waiwayen kwiɓinsa,
ciki ya ɗaure kamar ganga,
zufa har kofato tana zubowa.

Na ja shi. Daga Gidan Igwai
har bakin gulbi, mu dawo, mu koma,
ina yi masa kirarin uwarsa,
karnuka na rakiya, gari na kwana,
ƙafata ta daina jin ƙaya da tsakuwa.

Da assalatu ya ɗaga wutsiya ya kasayar.
Wallahi, Modi, duk haihuwar da aka yi mini
ban yi irin wannan murna ba,
na tsaya kan kashin doki ina godewa.

Wani gunya daga Illela ya ci tseren.
Mu muna gida, muna dama dusa
da ruwa-ruwa da ɗan gutsuren kanwa.

To, ka ji. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu.
In ya dawo da gumi, bar shi ya huce.
Shafa haƙarƙari: hannu ya ji su,
ido kada ya iya ƙirgawa.

Alhaji yanzu daga ƙofa yake tsayawa.
Saurara. Ka ji gurus-gurus ɗin nan?
Furata na can ta tsinke, bar ta.
Miƙo mudun, ya gama da harawa.